Ina maharbi yake shiga idan damina ta faɗi?

Wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Daura cikin watan Janairu ko Fabrairu da wuya bai ci karo da motar 'yan farauta ba. A-kori-kura ce ko kanta, an cika ta maƙil, mutane a tsaitsaye karnuka a tsakanin ƙafafunsu, wasu samari sun ɗare kan rufi da gora da barandami, mai gangi na ta aikinsa. Da yamma in sun juyo za ka hango zomaye da gafiya a rataye, wani lokaci har da gada in an taki sa'a. Hoton da yawancinmu muka riƙe ke nan, kamar haka mafarauci yake kwana haka yake tashi. Alhali in ka ƙirga, harkar ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar a shekara, kuma ko cikin watannin ba kullum ake fita ba. Saura wata bakwai ko takwas da mutumin nan zai ci, ya ciyar da iyali da karnuka, ya kai gudummawar biki da suna, bai jefi ko kurege ba. Inda abincin yake fitowa, da abin da yake yi da wannan dogon lokaci, su nake so mu warware.

Sai mun fara bambance aya da tsakuwa, domin mutum uku ake cusawa cikin suna ɗaya. Akwai maharbi, wanda yawanci gadon abin ya yi. Shi kaɗai yake shiga daji, ko da ɗansa a baya riƙe da gora. Da can kwari da baka yake ɗauka, kibiyarsa ta sha dafin kwankwani, daga baya adaka ta shigo. Shi ne mai ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci barewa tana zaton tsuntsu ne ke kiwo, shi ne mai kwana a kan reshe yana dakon mashaya. Akwai mafarauci, wanda nasa aikin na taro ne: a gayyato garuruwa, a kewaye daji da karnuka da kere, a tayar da nama a bi shi da gudu. Sannan ga mai haƙo da tarko, wanda ba ya buƙatar ƙarfi ko hayaniya, shi ya sa yara da tsofaffi suka fi yawa a ciki. Sarautunsu ma sun nuna bambancin: Sarkin Baka na maharba ne, Sarkin Dawa na 'yan farauta, ko da yake a wasu garuruwan mutum ɗaya ke riƙe da duka. Maharbi tsohon mutum ne a tarihin ƙasar nan. Ko sunan Dutsin-Ma, labarin baka ya ce daga wani maharbi mai suna Ma da ya zauna a dutsen aka samo shi.

Babu wata hukuma da ke kaɗa ƙararrawa ta ce yau an rufe farauta a ƙasar Katsina. Ruwan sama ke rufe ta. Da zarar ruwan shuka ya sauka, yawanci cikin Yuni a wajen Daura da Mai'aduwa da Zango, kafin haka kuma a kudu wajen Funtuwa da Bakori, sai komai ya juya wa mai neman nama baya. Da rani dole dabba ta zo inda ɗan ruwa ya rage, ita ke kawo kanta. Da damina kuwa kowane kwari tafki ne, sai ta watsu. Ciyawa ta rufe sawu, kare ba ya ganin abin da yake kora, maciji ya fito. Tsarkiyar baka ta fata ce, danshi na sa ta saki. Albarushi in ya sha sanyi sai ka ja kunama ka ji shiru. Lokacin ne kuma zabon daji da fakara ke kwanci, dabbobi da yawa ke da ƙananan 'ya'ya, kuma tsofaffin maharba na ƙyamar kashe mai ciki ko mai shayarwa, ba don wani ya rubuta musu ba, don sun san naman baɗi ne. Amma babban dalili shi ne filin da aka yi ta gudu a cikinsa a Maris ya zama gonar gero a Yuli. Mutum ɗari da karnukansu ba za su ratsa shukar wani ba a kwana a gaban dagaci ba.

To, ina suke shiga? Gona. Amsar ba ta da armashi, amma ita ce gaskiya ga mafi yawansu. Sarkin Dawan da ka gani da rani cikin walki da layu ana yi masa kirari, shi ne za ka tarar a watan Yuni da sungumi a hannu, 'ya'yansa na bin sa suna jefa iri. Daga shuka sai noman firi, sai maimai, sai a shiga marka ana fama da ciyawa, sai yankan gero, roron wake, cirar gyaɗa, kaɗe riɗi, har a kai ga dawa. Wanda gonarsa ba ta isa ba ya tafi ƙwadago a ta wani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne rumbu ke yanke hukuncin wanda zai yi farauta. Magidancin da hatsinsa ba zai kai shi wata shida ba, ba ya da halin ɓata rani yana bin zomo. Jaka zai ɗauka ya tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas. Farautar taro ta wanda ya ajiye abinci ce. Ko shi ɗin ma, noman rani ya zo ya raba masa hankali. Madatsun ruwa irin su Jibiya, Zobe, Ajiwa, Sabke da Daberam sun buɗe noman tumatir da albasa da alkama daidai cikin watannin farauta, kuma mutumin da ya zuba kuɗin taki da man injin ban-ruwa ba zai bar fadama kwana uku ya bi gangi ba.

Maharbi na gado shi bai taɓa ajiye makami gaba ɗaya ba, sauya masa aiki yake yi. A garuruwan da ke gefen duwatsu da bakin daji, birai da gadu da beguwa na iya tashin gonar masara ko gyaɗa ko rogo cikin kwana kaɗan, kuma duk wanda ya san ƙasar Batsari ya san matsayin rogo a wurinsu. Sai manoma su nemi maharbi ya riƙa kewaya musu, in kaka ta yi a sallame shi da dami. Karin maganar nan ta maganin biri karen Maguzawa daga irin wannan aiki ta fito. Wani kuma ya ɗaura amya a kan itatuwan da ya san ƙudan zuma na so, wani ya taɓa kamun kifi a tafki, wani ya yi itace da gawayi. Duk sana'o'in bakin daji ne, jarinsu ɗaya: sanin wuri.

Akwai ma'aikacin da ba a sallama da damina, wato kare. Nan ne hidimar farauta take da nauyin da na waje ba ya gani. Mai karnuka biyar ko shida tamkar mai ƙarin iyali ne. Kullum sai an dama musu kunu ko an tuƙa musu tuwon dusa, a haɗa da ƙanzo da ɗan abin da aka samo wurin mahauta, kuma a watan Agusta ake wannan, lokacin da hatsi ya fi tsada, rumbu ya yi ƙasa, uwargida na auna tsaba da lissafi. Rigimar cikin gida da yawa daga nan take tashi, kuma in ka saurari ɓangaren matar da wuya ka ce ba ta da gaskiya. Ga kaska da ƙuma da ke yawaita da danshi, sai an zauna an cire su ɗaya-ɗaya. Ga allurar haukan kare, wadda masu hankali a cikinsu ke kai wa likitan dabbobi, wasu kuma su yi biris har sai an ciji yaron maƙwabci. Ga ɗauri, domin karen da ya saba kamu in ya zauna banza kajin unguwa da 'yan awaki zai koma wa, a wayi gari ana biyan diyya.

Duk da haka damina ce makarantar kare. A lokacin ake renon 'yan kwikwiyo, ana tafiya da su gona suna bin manya, a fara gwada su da kurege da gafiya a bakin kunya, a ga wanda ke da hanci, wanda ke da gudu, da wanda in ya kama ba ya ci sai ya jira ubangidansa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, saboda hukuncin cin naman ya rataya ne a kan horon karen, kamar yadda aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbobin farauta da aka koyar. Ba a fafe gora ranar tafiya: karen da zai yi suna a Fabrairu, tun Yuli aka fara aikinsa. Kuma kare dukiya ne. Wanda ya yi suna yakan kai kuɗin rago har ya wuce, akwai mutanen da cinikin karnukan farauta da kiwonsu ne ke riƙe da su fiye da naman. Abin mamaki, al'ummar da ke raina mai kare ita ce ke bin mazhabar Malikiyya, wadda ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, kuma hadisin da ya yi gargaɗi kan ajiye kare ya togace na farauta da na kiwo da na gona.

Sana'ar da ta fi kowace riƙe maharbi a wajen lokacin harbi ita ce magani. In ka je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ko wata babbar kasuwar ƙauye, za ka gan shi can gefe ya shimfiɗa buhu ko tsohuwar fata: saiwoyi a ɗaure, sassaƙe a tare, garin magani a ƙulle-ƙulle, gefe guda ƙayar beguwa, kitsen damo, man mesa a kwalba, guntun fatar kura. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kwana a daji ya san wace itaciya ke fitowa a ina, wane wata ake saran ɓawonta, wace ce ke kashewa in an zarce. Sabara, marke, maɗaci, hano, kalgo, taura, filasko, kowace da abin da ake nemanta dominsa. Da damina kasuwar ke ci, don lokacin zazzaɓi ne da shawara da gudawar yara, ganye kuma ya wadata. A gida ma ba ya rasa baƙi. Tun da asuba za ka ji sallamar mace daga zaure, goye da yaro: “Baba, jikanka ne ya kwana da zafin jiki.” Sau da yawa ba a yanka kuɗi, abin da ya samu ake ajiyewa, in an ji sauƙi a dawo da kaza ko kwanon gero.

A nan sai na faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Sanin itatuwan nan ilimi ne na gaske, kuma muna asararsa duk ranar da aka binne tsohon maharbin da bai samu magaji ba. Amma akwai inda ya kamata ya tsaya, kuma wurin shi ne saran maciji. Damina da kaka su ne lokacin da manoma suka fi gamuwa da kububuwa da kasa da kumurci, kuma wurin maharbi ake fara rugawa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Mutum na iya zama garau yana hira kwana ɗaya ko biyu, jini na tsiyaya a cikinsa. Allurar kashe dafi ce maganinsa, irin wadda ta sa asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna. Tsaga da ɗaure ƙafa da jiƙo ba sa maye gurbinta, kuma kowace sa'a da aka ɓata a zaure daga ran majinyaci ake cire ta. Maharbin da na fi girmamawa shi ne wanda ya san iyakarsa ya ce a nemo mota.

Ɗaya ɓangaren maganin shi ne na tsari: tauri, sagau, baduhu, layar zana, kau-da-bara. Wa'azin malamai na shekaru da dama ya rage masa kasuwa a fili, har maharba da yawa suka koma cewa su addu'a kawai suke bayarwa. Sai rashin tsaro ya zo ya farfaɗo da shi. Mutumin da za a iya tare shi a hanyar gona ba ya tsayawa muhawara kan ko laya na aiki. 'Yan damfara sun gane haka, sun sayi walki da guru a kasuwa sun shiga sahu, kuma ba sau ɗaya ba an ji labarin wanda ya mutu wurin gwajin maganin bindiga.

Gyaran kayan aiki ma na cin nasa lokacin. A kai adaka wurin maƙeri, a sake ƙotar barandami, baduku ya ɗinke kube da walki, a murza sabuwar tsarkiya. Maharba da dama su kansu maƙera ne ko dukawa, don haka a gida ake gamawa.

Nishaɗinsu kuwa bai yi nisa da dajin ba. Mafarauta da 'yan tauri kusan gida ɗaya ne, gangin da ke tayar da tsumi a daji shi ke tayar da shi a fagen biki, inda za a ga ƙato na gasa wuƙa a cikinsa tana lanƙwashewa. Bikin ɗan'uwa, naɗin sarauta, sunan ɗan Sarkin Dawa, duk dalilin haɗuwa ne, kuma a irin wannan taro ake sasanta rigimar da aka kwaso daga farautar bara: wa ya fara jifa, karen wa ya fara kamu, wa ya ƙwace naman wa. Zomo ɗaya na iya haddasa gabar shekara tsakanin garuruwa biyu, kuma aikin Sarkin Dawa na gaske da damina yake yin sa, a zaune. Maharba nasu kiɗan daban ne, komo, wata babbar garaya mai tsarkiya biyu, da ake kaɗa musu ana ambaton namun da kakanninsu suka kashe, ɓauna da gwanki da zaki, dabbobin da jikokin ba su taɓa gani ba sai a waya. Ranar hawan sallah a Katsina ko Daura, da Sallar Gani da Daura ta shahara da ita cikin watan Rabi'ul Awwal, 'yan baka da 'yan bindigar da ke cika gari da ƙara da hayaƙi a gaban sarki da yawansu mutanen nan ne. Sauran ranaku kuwa dara ce a gindin bedi bayan la'asar, da rediyo, da labarin da ake ƙara wa gishiri duk shekara. Samarinsu na kiwon tantabara, suna zuwa gidan kallon ƙwallo kamar kowa, suna kuma tura wa juna bidiyon karnuka a WhatsApp da TikTok.

Wannan ya kawo mu ga mafaraucin birni, wanda shi lissafinsa a juye yake. A cikin Katsina da Daura akwai tela, makanike, mahauci, birkila, direba, ɗan acaɓa, har da ma'aikacin gwamnati, waɗanda farauta ce hutunsu. Ba ita ke ciyar da su ba, su ke ciyar da ita. A haɗa kuɗin mota, a sayi abincin karnuka, a rufe shago kwana biyu, a dawo da zomo biyu da ƙaya a ƙafa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma wannan har da kuɗin mai ya ci. In ka tambaye shi riba sai ya yi dariya, domin abin da yake nema a can shi ne iskar daji, da zumunci, da a ce karensa ne ya yi kamu a gaban jama'a. Malamai sun daɗe da sanin wannan bambanci: littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma halal. Shi ya sa ko wanda kowa ya san sha'awa ce ta kai shi zai ce maka ya je neman na miya.

Matsalar birni ita ce saurayin da ba ya da gona ba ya da shago. An koya masa riƙe makami, an koya masa cewa ja da baya abin kunya ne, ga ƙungiya ga maigida, sai damina ta zo ba abin yi. Mutanen Katsina da yawa na danganta asalin ƙauraye, wato 'yan daban cikin gari, da irin waɗannan ƙungiyoyi na farauta, waɗanda faɗansu na daji ya biyo su cikin unguwa, 'yan siyasa kuma suka same su a shirye lokacin zaɓe, ƙwaya ta ƙarasa sauran. Dattawan farauta na jin zafin a haɗa su da ƙauranci, kuma suna da hujja, don mafi yawansu masu sana'a ne da iyali. Sai dai ba za a ce babu hanya tsakanin gidajen biyu ba.

Duk bayanin da na yi ya ginu ne a kan cewa akwai lokacin farauta da lokacin hutunta. Gaskiyar yau ita ce hutun na neman cinye lokacin, kuma ta fuska biyu abin ya zo. A gabas da arewa, wajen Daura, Sandamu, Baure, Mashi da Mani, gona ce ta cinye daji. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Katsina mutum miliyan 5.8 a ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita kusan 24,000 ba, kuma an ƙaru sosai tun daga nan. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da namun daji, gatarin masu itace ya bi sauran. Inda kaka ya harbi barewa, jika gafiya yake tonowa. Dokokin kare namun daji, ta Jihar Arewa ta 1963 da ta tarayya ta 1985, suna nan a takarda, amma ba su ne suka hana harbin manyan dabbobi a nan ba. Dabbobin ne babu.

A yamma kuwa dajin na nan, shiga ne ya gagara. Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙasashen Jibiya, Batsari, Safana da Ɗanmusa ya haɗe da dazukan Zamfara, shi ne babbar makarantar maharban Katsina. Yau 'yan bindiga ke iko da shi, masu ɗauke da makaman da adaka ba ta isa ta yi musu tari ba. Sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020 ya nuna wa duniya abin da mutanen yankin suka daɗe da sani. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana motocin ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama. An yi ne don a matse ɓarayi, amma matsin ya taɓa duk mai ci daga bakin daji. Maharbin wannan yanki ya rasa harbi, ya rasa wurin saran magani, ya rasa amyarsa, sau da yawa har gonar da ke nesa da gari.

Waɗanda ba su iya haƙura ba sai suka riƙa yin nisa, zuwa dazukan tsakiyar Najeriya da na kudu, su yi watanni suna harbi suna ƙyafe nama suna sayarwa, su dawo gida da sallah ko da faɗuwar damina. Farauta ta zama wani nau'in cin rani. Haɗarin wannan tafiya ya fito fili a ƙarshen Maris 2025, lokacin da aka tare wasu mafarauta 'yan jihar Kano a garin Uromi na jihar Edo, suna kan hanyarsu daga jihar Ribas zuwa gida don ƙaramar sallah. An ga bindigoginsu na gargajiya, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Duk gidan mafarauci a Katsina da Daura an yi zancen, saboda kowa na da wanda ke bin irin wannan hanya da irin wannan kaya.

Sana'ar da ta buɗe a daidai lokacin da daji ke rufewa ita ce tsaro. Ba sabuwa ba ce: tun da can in an yi sata maharbi ake kira ya bi sawu, kuma masu gadin kasuwa da shaguna da gidajen masu hali da dama daga cikinsu aka ɗauko su, saboda sun saba da dare kuma ana shakkar su. Abin da ya sauya shi ne girman aikin. A Nuwambar 2014 mafarauta na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, kuma daga jihar Adamawa ne sunan A'isha Bakari Gombi ya fito, tela kuma maharbiya da ta jagoranci maza zuwa daji. A Katsina, ƙungiyoyin sintiri na ƙauyuka sun cika da su, kuma rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da mutum kusan 1,500 a zubin farko, irin sanin da suke da shi take buƙata: wace hanya ke ɓullewa ina, sawun babur nawa ne wannan, tun yaushe aka kashe wutar nan.

Ga mutumin da bai taɓa ganin kuɗin wata ba, ɗan alawus abin so ne, ga kuma girma a gari. Amma ina ganin ana yi wa lamarin kallon sauƙi. Iya bin sawu daban, iya tantance mai laifi daban. Maharbi ya koyi karanta ƙasa, bai koyi bincike ko riƙe wanda ake tuhuma ba, kuma a inda 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannu aka kashe Fulanin da ba su ji ba su gani ba a kasuwa ko a ruga, ramuwar a kan ƙauye duka ta sauka. Sunan mafarauci kuma ya zama riga: duk wanda ya sayi adaka ya karɓi katin ƙungiya ya zama maharbi, ko bai san sawun dila da na kare ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa har bindigar gargajiya cikin abin da hukuma ke da ikon sa wa lasisi, amma tantance wa ke riƙe da me a ƙauye sai dagaci da Sarkin Baka, in an tambaye su. Sannan in aka kashe shi a bakin aiki, wanda ba ya cikin rundunar gwamnati iyalinsa sai abin da jama'ar gari suka tara. Yaron da ke tasowa a gidan yanzu yakan iya ɗura bindiga kafin ya san sunan itatuwa goma, domin dajin da uban zai kai shi ya nuna masa ba ya shiguwa.

Wajen ƙarshen Oktoba, in an kai gero gida, ciyawa ta fara ja, iska ta juyo daga gabas, karnuka kan fara jan igiya tun kafin masu su su ce komai. Da can goro ake aikawa gari-gari, makaɗi ya zaga da gangi, a sa rana. Yanzu saƙon murya ake turawa a waya, a taru a ƙofar gidan Sarkin Dawa bayan sallar isha'i. Kafin a zo maganar mota da kuɗin mai, sai an fara tsayar da wane daji ne ke shiguwa bana, wa zai kai takarda wurin hakimi da ofishin 'yan sanda, da kuma su wa za a bari a gida saboda sintirin dare.